Stellenbosch ko Franschhoek: Ina Ya Fi Dacewa da Baƙon da Ba Ya Shan Giya?

Duk wanda ya je Cape Town ta Afirka ta Kudu da 'yan kwanaki a hannunsa, ko taro ne ya kai shi, ko jinya, ko bikin yaye ɗa a jami'a, ko hutu da iyali, ba zai rasa mai ce masa ya leƙa yankin gonakin inabi ba. Da yawa daga cikinmu da sun ji haka sai su kau da kai, su ce ai wurin mashaya ne, me zai kai mu? Ba ƙarya suka yi ba, giyar inabi ce ta gina arzikin yankin. Sai dai wanda ya ƙi zuwa saboda wannan kaɗai ya yi wa kansa asara, domin a shekarun baya-bayan nan an zuba kuɗi masu yawa a ƙananan garuruwan nan, an buɗe sababbin gidajen abinci da shaguna da zaurukan baje kolin zane-zane waɗanda ke gogayya da na Johannesburg da Cape Town kanta.

Garuruwa biyu ne ke jan mafi yawan baƙi: Stellenbosch, mai tazarar kusan kilomita 50 gabas da Cape Town, da Franschhoek, mai kusan kilomita 75. Tsakaninsu tafiyar minti talatin zuwa arba'in ce a mota ta kan tudun Helshoogte, kuma ƙaramar hukuma ɗaya ce ke kula da su. Duk da wannan kusanci, wanda zai biya kuɗin masauki dole ya zaɓi ɗaya, kuma zaɓin yana sauya tafiyar baki ɗaya. Ma'aunin da na ɗauka guda ne: a cire giya daga lissafi, a ga abin da ya rage wa baƙo a kowane gari. Da wannan ma'auni, shawarata ita ce ka sauka a Stellenbosch, ka kai wa Franschhoek ziyarar yini guda. Akwai waɗanda akasin haka ne ya fi musu, zan zo kansu.

Gari mai mutanensa da gari mai baƙinsa

Simon van der Stel, wanda kamfanin kasuwancin Holan ya ɗora a kan mulkin yankin Cape, shi ne ya kafa Stellenbosch a 1679 a bakin kogin Eerste. Bayan Cape Town, babu garin da Turawa suka kafa a Afirka ta Kudu da ya girme ta. Titunan tsohon garin, musamman titin Dorp da titin Church, cike suke da manyan bishiyoyi masu inuwa da fararen gidaje irin ginin mutanen Holan. Amma abin da ya fi tasiri a rayuwar garin yau shi ne jami'arsa, wadda ta samu matsayin cikakkiyar jami'a a 1918, kuma take da ɗalibai fiye da 30,000. Inda ɗalibai suka kai haka, dole a samu abinci mai araha, da kantin magani, da banki, da mai gyaran waya, da mai aski, da motar haya har cikin dare. Ko babu ɗan yawon buɗe ido ko ɗaya, Stellenbosch za ta wayi gari ta ci gaba da harkokinta.

Franschhoek daban take. A 1688 wasu Faransawa Kiristoci 'yan Furotesta, waɗanda ake kira Huguenot, suka fara isowa Cape bayan Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba su 'yancin addini a 1685. Ba su fi mutum 200 da wani abu ba. Aka yanka wa wasunsu gonaki a cikin wannan kwari da duwatsu suka kewaye ta ɓangare uku. Harshen Faransanci bai daɗe a bakin jikokinsu ba, amma sunayen gonakin sun tsira, irin su La Motte da La Dauphine da Cabrière, kuma da waɗannan sunaye garin yake tallata kansa har gobe. Kusan duk abin da baƙo zai gani yana kan titi ɗaya, titin Huguenot, wanda za ka taka daga farko zuwa ƙarshe cikin ƙasa da rabin awa, ya dire da kai gaban hasumiyar tunawa da Huguenot da aka buɗe a 1948. Wurin yana da kyau ƙwarai, ba a musu. Amma titi ne da aka shirya domin baƙo mai kuɗi. Masu dafa masa abinci da masu gyara masa ɗaki galibi suna kwana ne a unguwannin Groendal da Langrug, waɗanda motar baƙo ke wucewa ba ta tsaya ba.

Batun ciki

A nan ne maganar take da tsawo, domin da abinci Franschhoek ta yi suna, kuma a nan ne baƙo Musulmi ya fi bukatar buɗe ido.

Tun 2004 Reuben Riffel, ɗan unguwar Groendal da ya taso a garin, ya buɗe gidan abincinsa mai suna Reuben's, ya zama ɗaya daga cikin fitattun kukun ƙasar. Daga baya wani attajiri ɗan Indiya, Analjit Singh, ya sayi gonaki da otal-otal a garin ya haɗa su a ƙarƙashin Leeu Collection, kuma zuwansa ya ƙara jawo manyan masu girki. La Petite Colombe ta fara aiki a 2017, sannan ta koma cikin gonar Leeu Estates a 2020. A shekarar 2017 ɗin dai Darren Badenhorst ya buɗe Le Coin Français a kan titin Huguenot. Ga Epice, wadda ta karkata ga kayan yaji da ƙamshi irin na Indiya, ga Protégé, ga Chefs Warehouse da ke gonar Maison. A ɗan ƙaramin gari haka, yawan ƙwararrun da suka taru abin mamaki ne.

Sai dai ka san irin cin da ake yi a mafi yawansu. Ba ka zaɓi shinkafa da kaza a cika maka faranti ba ne. Kuku ne ke tsara jerin ƙananan girke-girke, bakwai ko goma ko fiye, ana kawo su ɗaya bayan ɗaya, kowanne loma biyu ko uku, zaman ya ɗauki awa uku. Kuɗin mutum ɗaya ya wuce rand 1,000, a manyan ciki kuwa yakan doshi 2,000 ko ya haura, ban da tukuicin masu sabis, wanda a ƙasar aka saba bayar da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Kuma asalin tsarin shi ne kowane girki ya zo da kofin giyar da aka ce ta dace da shi.

Ƙin karɓar kofin shi ne abu mafi sauƙi. Wahalar tana cikin tukunya. Girkin da ya samo asali daga Faransa yana yawan zuba giya a cikin romo da miya, yana amfani da kitsen alade ko ɗan yankakken namansa don ƙara ɗanɗano, kuma kayan zaƙi sukan ƙunshi barasa ko sinadarin daskarar da abu da ake samowa daga ƙashi da fatar dabba. Naman rago ko na sa da za a kawo maka ma, ko da daga mayanka mai shaidar halal ya fito, a kicin ɗaya ake sarrafa shi da sauran. Hanyar da ta fi aminci ita ce tun lokacin kama tebur, kwana biyu ko uku kafin zuwanka, ka rubuta musu a fili cewa kifi da kayan lambu kawai kake ci, ba alade ta kowace siga, ba barasa ko a cikin girki. Irin waɗannan gidaje suna ɗaukar wannan bayani da muhimmanci idan ya zo da wuri, domin sun saba da masu larurar abinci iri-iri. Idan sai ka zauna ne za ka faɗa, ka takura su, kai ma ba za ka ci da natsuwa ba. Kifi kuwa yankin ba ya rashinsa, daga na teku har zuwa wanda ake kiwo a ruwan sanyin duwatsun Franschhoek.

Wani abin lura game da abin sha. Da yawa yanzu suna da jerin abin sha marar sa maye da suke haɗawa da girke-girken. Ka tambayi abin da ke ciki. A Afirka ta Kudu akwai giyar inabin da aka cire wa barasa bayan an gama haɗa ta, kuma ƙa'ida ta yarda ta rage da ɗan abin da bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Wanda bai yarda da wannan ba ya nemi tataccen ruwan inabi zalla, wanda gonaki da yawa ke sayarwa a kwalba kuma yana da daɗi sosai, ko shayin rooibos, ganyen da ba ya fitowa ko'ina a duniya sai a yammacin ƙasar.

Saura batun zama a wurin da ake sha. Ba fatawa nake bayarwa ba, kowa ya san malaminsa. Abin da zan iya faɗa shi ne yadda wurin yake: teburinka kana da iko da shi, ɗakin kuwa ba ka da iko. A Franschhoek da daddare, da wuya ka samu gidan abinci a babban titi da ba kwalba a kan teburin maƙwabcinka. Wanda zuciyarsa ba za ta kwanta da haka ba, kada ya kama masauki a can yana fatan zai samu mafita in ya isa.

Stellenbosch ma tana da nata sababbin manyan gidaje. Bertus Basson ya buɗe Eike a titin Dorp a 2018, inda yake sabunta girke-girken gargajiyar ƙasar. A 2022 aka buɗe Dusk a titin Plein, haɗin gwiwar Darren Badenhorst ɗin nan da Callan Austin, kuma a shekarar Jess van Dyk ta buɗe Post & Pepper a ginin tsohon gidan waya, inda ake kawo ƙananan faranti a ci tare. Duk gargaɗin da na yi a sama ya hau kansu su ma. Bambancin shi ne a Stellenbosch ba su kaɗai ba ne. A ƙarƙashinsu akwai wuraren cin ɗalibai da ma'aikata, da manyan kantuna, kuma akwai al'ummar Musulmi da ta daɗe a garin, saboda haka abincin halal ba baƙon abu ba ne. Abin da za ka nema shi ne takardar shaida a jikin bango, daga hukumomi irin su MJC Halaal Trust ko SANHA, kuma ka duba kwanan watanta. Wasu wurare sukan rubuta cewa suna maraba da masu cin halal ba tare da wata takarda ba. Wannan magana ce ta mai kasuwa kawai, ka tambayi me suke nufi da ita.

Kuma in ka samu dama, ka nemi girkin Musulmin Cape, waɗanda ake kira Cape Malay. Akwai bobotie, niƙaƙƙen nama da kayan ƙamshi da ake gasawa da haɗin ƙwai da madara a sama. Akwai shinkafar breyani, da samosa, da bredie, wato naman da aka daɗe ana dafawa da tumatir ko ganye har ya yi luguf. Akwai koesister, ɗan'uwan fankenmu, sai dai shi ana sa masa kirfa da citta, a tsoma shi a ruwan sukari, a barbaɗa masa kwakwa, kuma al'adar mutanen ce su ci shi da safiyar Lahadi. A ganina wannan girki ya fi gaya maka ko wace ƙasa kake fiye da loma goma na kukun da ya yi karatu a Turai.

Masallaci, da tarihin da ba a rubuta a jikin kwalba

Ga wanda Juma'a za ta riske shi, wannan kaɗai ya isa ya yanke hukunci. A tsakiyar Stellenbosch, a titin Banhoek, dab da jami'a, akwai masallacin Gujjatul Islam, wanda ke nan tun ƙarshen ƙarni na 19. A babban titin Franschhoek ba za ka ga masallaci ba, mafi sauƙi ga wanda ya kwana can shi ne ya nufi Paarl ko Stellenbosch.

Masallacin nan yana da labari. Unguwar da yake ciki ana kiranta Die Vlakte, kuma a da mazaunanta galibi ba Turawa ba ne. A 1964 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana wurin a matsayin na farar fata zalla. Aka tashi mutane kusan 3,700, aka tura su gefen gari, unguwanni irin su Cloetesville da Idas Valley, jami'ar kuma ta gaji wani ɓangare na filayen da gine-ginen. Masallacin ya tsaya a inda yake, jama'arsa kuma suka ci gaba da dawo masa daga nesa.

Ina ganin bai kamata mutum ya zaga fararen gidajen gonakin nan bai san wanda ya gina su ba. Bayi ne da kamfanin Holan da manoma suka kawo daga Indonesiya da Indiya da Madagaska da Mozambik, kuma a cikinsu Musulunci ya yi saiwa a Cape. An soke bauta a 1834, amma ba a saki mutanen ba sai 1838. Bayan nan ma manoma da yawa suka ci gaba da biyan leburorinsu wani ɓangare na ladansu da giya, mummunar al'adar da doka ta hana a 1960 amma ta daɗe ba ta mutu ba, kuma illarta tana nan a gidajen ma'aikatan gona har yau. Tsakanin garuruwan biyu akwai ƙauyen Pniel, wanda aka kafa a 1843 domin 'yantattun bayi, yana kan hanya, ya cancanci tsayawa. Kudu da Stellenbosch kuma, kusa da inda kogin Eerste ke faɗawa teku, akwai kabarin Shehu Yusuf na Makassar, malamin da mutanen Holan suka kora daga Indonesiya zuwa Sri Lanka, sannan suka kawo shi Cape a 1694, ya rasu a 1699. Wurin ana kiransa Macassar saboda shi. Daga Stellenbosch tafiyar ba ta kai rabin awa ba, daga Franschhoek kuwa sai ka ninka.

Zane-zane da sassaƙa

A wannan fanni garuruwan sun fi kusa da yin kunnen doki, sai dai manufarsu ta bambanta. A Franschhoek akasarin zaurukan na sayarwa ne. Everard Read, wanda aka kafa a Johannesburg a 1913, yana da reshe a garin, kuma manyan sassaƙe-sassaƙen tagulla sun bazu a lambunan Leeu Estates. Gonar Grande Provence tana da nata zauren da lambun sassaƙa. Gonar La Motte tana da gidan tarihi mai ɗauke da ayyukan J.H. Pierneef, mai zanen da ya shahara da zana filaye da bishiyoyin ƙasar. Ba wanda zai hana ka shiga ka kalla ko ba ka da niyyar saye, kuma da yake komai yana kusa da juna, yini ɗaya ya isa ka ga da yawa.

Stellenbosch ta fi ga mai son fahimta. Gidan tarihin Rupert, wanda iyalin Anton Rupert suka buɗe a 2005, shiga kyauta ne, kuma a nan aka daɗe ana adana manyan alluna 32 da Pierneef ya zana wa tashar jirgin ƙasa ta Johannesburg tsakanin 1929 da 1932, tare da ayyukan Irma Stern da Maggie Laubser. Zauren SMAC yana nuna aikin masu zane na wannan zamani. A 2020 aka fara wani babban baje koli mai suna Stellenbosch Triennale, ƙarƙashin jagorancin Khanyisile Mbongwa, wanda ya tara masu fasaha daga sassan Afirka, ciki har da Ibrahim Mahama ɗan Tamale ta ƙasar Ghana da Victor Ehikhamenor ɗan Najeriya. An sake yin sa a 2025. A garin da ya daɗe yana alfahari da asalinsa na Turai da al'adun Afrikaner, wato farar fatar ƙasar masu magana da harshen Afrikaans, ganin aikin ɗan Tamale a tsakiyarsa ba ƙaramin sauyi ba ne.

Wurare biyu a gefen garin suna bukatar ɗan bayani. Lambun sassaƙa na Dylan Lewis, a gindin dutse, yana da ayyuka fiye da 60, kuma sai an kama lokaci kafin a je. Damisoshinsa na tagulla kamar za su yi tsalle. Amma wani sashe na lambun siffofin mutane ne tsirara, mai zuwa da yara ko surukai ya san da haka tun daga gida. Sai gonar Delaire Graff a saman tudun Helshoogte, mallakar Laurence Graff mai cinikin lu'ulu'u, inda aka rataye zanen wata 'yar China na Vladimir Tretchikoff, wanda ya saya a 2013 a kan kusan fam miliyan ɗaya. Ko ba don zanen ba, kallon kwarin daga can sama ya biya wahalar hawa.

Akwai abu ɗaya da Franschhoek ta yi wa maƙwabciyarta fintinkau: gidan tarihin motoci da ke gonar L'Ormarins, na Johann Rupert, wanda aka buɗe a 2007. Yana da ababen hawa fiye da 200, ana fito da kimanin 80 a lokaci guda, tun daga wani keke mai ƙafa uku da inji na 1898 har zuwa Ferrari Enzo ta 2003. Shi ma sai an kama wuri. Duk magidancin da ya je da samari, wannan ne wurin da za su daɗe suna ba da labari.

Tsaraba

A nan ba sai an ja magana ba. Shagunan titin Huguenot na kayan ƙawa ne: tufafin lilin, kayan fata, tangaran, kayan adon ɗaki, da cakulan da ake haɗawa a garin. Kaya masu kyau, farashin kuma na mai riƙe da dala ko yuro. Ranar Asabar akan ci 'yar kasuwa a harabar tsohuwar majami'ar garin, can ne abin ya fi sauƙi. A Stellenbosch akwai irin waɗannan shaguna a titin Church, amma akwai kuma shagunan littattafai, da babban rukunin kantuna na Eikestad, da kasuwar ƙarshen mako ta Root44 a bakin hanyar R44, da tsohon kantin Oom Samie se Winkel da ke titin Dorp tun 1904, cike da busassun 'ya'yan itace da kayan yaji da kwanduna. Tsarabar da na fi ganin amfaninta daga yankin ita ce man zaitun, da zuma, da zabibi, da rooibos. Busasshen naman da suke kira biltong kuma kada ka saya sai mai tambarin halal.

Gonaki biyu da ke tsakani

Mutane da yawa suna kama masauki a Franschhoek ne saboda Babylonstoren da Boschendal, alhali duka biyun ba a cikin garin suke ba, kuma daga Stellenbosch ma ba su wuce tafiyar rabin awa ba. Babylonstoren, wadda Koos Bekker da matarsa Karen Roos suka saya a 2007 suka buɗe wa jama'a a 2010, ita ce wurin da ya fi ko'ina dacewa da wanda ba ruwansa da giya. Lambunta mai faɗin hekta uku da rabi yana da tsirrai fiye da iri 300, kusan duk masu ciyuwa ne ko na magani, an tsara su da magudanan ruwa da rumfunan 'ya'yan itace. Duk wanda ya taɓa noman rani zai tsaya ya yi ta kallon yadda suka bi da ruwa. Akwai gidan burodi, da wurin tatsar man zaitun, da shagon kayan gona, kuma a 2024 sun ƙara Soetmelksvlei, gonar da ake nuna yadda ake rayuwa da sana'a a ƙarshen ƙarni na 19. Boschendal kuma, wadda tarihinta ya faro daga 1685, ta yi suna da shimfiɗa a ci abinci a kan ciyawa ƙarƙashin bishiyoyi, ga fili ga yara.

A hanyar da ta haɗa Franschhoek da Paarl akwai gidan yarin Drakenstein, wanda a da ake kira Victor Verster. Ta ƙofarsa Nelson Mandela ya fito ranar 11 ga Fabrairun 1990, kuma mutum-mutuminsa yana tsaye a bakin ƙofar. Har yanzu gidan yari ne mai aiki, a waje ake tsayawa.

Zirga-zirga, da waɗanda Franschhoek ta fi wa

Abin da aka fi tallata wa baƙo a Franschhoek shi ne ɗan jirgin ƙasa da motocin da ke zagayawa da mutane gona-gona, wanda aka fara a 2012. An ƙirƙiro shi ne domin masu ɗanɗana giya kada su yi tuƙi. Kai da ba ka sha, ba abin da zai hana ka ɗaukar hayar mota ka je inda kake so a lokacin da kake so, ba tare da ka ɗaure kanka da jadawalin wasu ba, kuma ba tare da ka dawo da yamma cikin taron da ya yini yana kurɓa ba. Ka tuna kawai a hannun hagu ake tuƙi a ƙasar. Wanda ba zai yi tuƙi ba, Stellenbosch ta fi masa nesa ba kusa ba: Uber tana samuwa cikin sauƙi, filin jirgin saman Cape Town bai wuce kilomita 35 ba, kuma tsakiyar garin ana zaga shi da ƙafa. A Franschhoek samun motar haya da daddare yana iya zama aiki, gara ka shirya da masaukinka tun da rana.

To, wa ya kamata ya kwana a Franschhoek? Ango da amarya da ke neman shiru da kallon duwatsu daga tagar ɗaki, kuma aljihunsu zai ɗauka. Dattijon da ya zo hutawa bayan jinya, wanda hayaniyar ɗalibai za ta dame shi, domin gaskiya tsakiyar Stellenbosch da daren Juma'a da Asabar a lokacin karatu ba ya yin shiru, kuma matasan can ma suna sha. Mai sha'awar sana'ar girki da ya zo takanas don ya ga yadda manyan kuku ke aiki. Da kuma mai son adabi da zuwansa ya dace da bikin marubuta da ake yi a garin kowane watan Mayu tun 2007. Duk waɗannan ina ba su shawarar su nemi masauki mai ɗan kicin, su yi sayayyar nama mai shaida a Paarl ko Stellenbosch kafin su shiga. Kuma su kauce wa ƙarshen makon bikin Bastille, wato bikin ranar ƙasa ta Faransa, a watan Yuli, lokacin da garin ke cika maƙil kuma shagalin duk na kwalba ne.

Yanayin can akasin namu ne. Disamba zuwa Fabrairu zafi ne da rani, kuma lokacin ne masauki ya fi tsada, wuri ya fi cika. Yuni zuwa Agusta sanyi ne da ruwan sama, farashi yakan sauka, amma wasu gidajen abincin sukan tafi hutu, sai ka bincika kafin ka taso. Maris da Afrilu, ko Oktoba da Nuwamba, su ne suka fi daɗin yawo. Ɗan Najeriya da ɗan Nijar suna bukatar biza, ɗan Ghana kuwa tun Nuwamban 2023 yana shiga ba tare da ita ba har tsawon kwana 90.

Wanda kuma yini ɗaya tak gare shi daga Cape Town, kada ya ce sai ya ga komai. Ya fita da sassafe ya fara da Babylonstoren kafin rana ta yi zafi, ya wuce Franschhoek ya taka titin Huguenot ya leƙa zaure ɗaya ko biyu, sannan ya biyo ta Pniel ya haura Helshoogte ya sauko Stellenbosch, ya yi sallah a titin Banhoek, ya ci abincinsa a can. Gidan motocin da lambun sassaƙar sai dai ya zaɓi ɗaya, kuma ya kama wurinsa tun kafin ranar. Kada ya bar jaka ko waya a fili cikin mota a duk inda ya tsaya, kuma ya kama hanyar komawa da sauran haske.